Dalma da Tsiro a Ƙasar Gobir da Zamfara

Ƙasar da ke tsakanin Isa da Sabon Birni, inda Gagare da Bunsuru ke haɗuwa su nufi arewa su tarar da gulbin da ya biyo ta Maraɗi, a sami Gulbin Rima, ƙasa ce wadda tun zamanin da arzikinta a bisa fuskarta yake, watau fadama mai laka wadda ambaliya ke sabunta wa ƙarfi kowace damina, da jigawa ta gero da wake, da makiyaya ta shanu da jajayen awaki. Wannan ni'ima ce ta jawo Gobirawa, bayan sun baro Azbin sun yi zamani a Birnin Lalle, suka yi ta gangarowa kudu kaɗan-kaɗan suna neman wurin noma a hannun sarakunan Zamfara, waɗanda a lokacin su ke da ƙasar, har zaman baƙunci ya zama zaman gida, har a tsakiyar ƙarni na 18 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara da yaƙi, Alƙalawa ta zama babban birnin yankin. Zamfarawa suka yi ta ƙaura daga wannan gari zuwa wancan, daga bisani sarautarsu ta zauna a Anka, can kudu cikin ƙasar duwatsu. Alƙalawa ita ma ta faɗi a hannun jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1808, Gobirawa suka koma arewa, bayan yaƙin Gawakuke na 1836 suka kafa Tsibiri, sa'an nan wani reshe nasu a ƙarƙashin Ɗan Halima ya komo ya gina Sabon Birni kusa da kufan kakanninsa. Na kawo wannan ne domin mai karatu ya tuna cewa mutanen Isa da Sabon Birni da mutanen Anka ba baƙin juna ba ne, tarihi ya cuɗa su, kuma har 1996 jiha ɗaya suke, saboda haka musibar dalma da ta auka wa ƙasar Anka a 2010, wadda ita ce maƙasudin wannan bayani, a gidan 'yan'uwa ta auku.

Mutane ne da ba su jahilci ƙarfe ba, domin dawakin Gobir ba su yi suna da hannu wofi ba, sai da takobi da mashi da linzami, kuma fadamar nan ba ta nomu ba sai da galma da fartanya. Amma idan mutum ya duba sana'o'insu da idon basira zai ga cewa kowace sana'a da ta taɓa ƙarfe ko fata ko tufa, da tsiro ta jingina. Mai narka tama da gawayin ƙirya ya dogara. Majemi, wanda ke gyara fatar jan akuyar nan da fatake ke ƙetare Sahara da ita har Turawa suka riƙa danganta ta da Maroko, da toka da 'ya'yan bagaruwa yake jima, ya rina ja da karan dafi, baƙi kuwa ya samo shi daga kashin maƙera, a yi kuloko. Marini da baba da toka yake cika karofinsa. Duk abin da waɗannan suka zubar bayan aiki, in an ba shi damina biyu ko uku, sai ya ruɓe ya koma ƙasa, ciyawa ta tsiro a kansa. Kashin tama kuwa da ba ya ruɓewa, dunƙulen dutse ne da ba ya shiga cikin yaro. Ba na cewa sun yi haka don sanin illar da za mu ambata a gaba. Abin da ke hannunsu ke nan, aikin kuma na hannu ne, kuma hannun mutum yana da iyakar abin da zai ɓata a yini.

Dalma kanta ta daɗe a gidajenmu, sai dai a cikin ɗan tandu take. Kwallin da fatake ke kawowa daga ƙasashen Binuwai, ana niƙa shi a ranɓaɗa wa amarya da jariri, mafi yawansa dutsen dalma ne, ko da yake jama'a na ɗaukarsa shi ne tozalin da aka sani a sunna, alhali wancan wani ma'adini ne dabam mai kama da shi a ido. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da labarin wani jariri ɗan asalin Nijeriya a birnin Boston da aka sami dalma ta yi yawa a jininsa, da aka bi diddigi aka auna kwallin da ake sa masa sai aka tarar fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Wannan al'ada dai ta cancanci malamai da likitoci su zauna a kanta, amma cutarta a jikin mai sawa take, ba ta taɓa lalata gona ko tsakar gida ba.

Abin da ya sauya al'amari shi ne zuwan sana'o'in da ba su bukatar tsiro. A ƙarni na 19 aka ƙago jima da gishirin kuromiyam, wadda ke gama cikin kwana ɗaya abin da bagaruwa ke ɗaukar kwanaki, kuma da masana'antun fata suka kafu a Bompai da Sharaɗa da Chalawa a Kano, ruwan da suke zubarwa ya bi magudanai ya shiga kogunan da masu lambu ke ban ruwa da su. Zinariya ma an haƙa a zamanin Turawa, tun daga wajen 1913, ta yi tashe a shekarun 1930 a ƙasar Zamfara da Birnin Gwari da Minna, Yaƙin Duniya na Biyu ya kwantar da ita, aka bar ramuka ga 'yan tsirarun masu wanke yashi a bakin rafi. Haka aka zauna shekaru masu yawa, har farashin zinariya, wanda bai kai dala 300 ba a kowane oza a 2001, ya haura dala 1,000 kafin 2010. A nan ne fa manomin da gero bai ishe shi shekara ba ya ga cewa buhun dutse ya fi buhun hatsi daraja, ba kuwa za a ce ya yi wauta ba.

Dutsen da aka tarar a wasu ramukan ƙasar Anka da Bukkuyum, bisa ƙudurar Allah, zinariya da dalma a cakuɗe suke cikinsa. Maza na haƙowa su kawo gari, a farfasa da guduma, a kai wa injin niƙa irin na hatsi ya mai da shi gari, a wanke, a kama zinariyar da zaiba. Mata kuma, da yake suna kulle ba su zuwa daji, sai aka riƙa kai musu nasu rabo cikin gida, suna dakawa a turmin da ake daka fura, suna shanyawa a inda ake shanya tsaba, ƙurar na sauka a inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Babba yana iya ɗaukar dalma shekaru tana cinsa a ɓoye, amma hanjin ƙaramin yaro ya fi saurin tsotse ta, ƙwaƙwalwarsa kuma ba ta gama ginuwa ba. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar Likitoci Na-gari Na-kowa, waɗanda suka fita sintirin cututtukan bazara irin su sanƙarau, suka ji labarin ƙauyukan da yara ke amai da jijjiga suna suma suna mutuwa, an ba su maganin zazzaɓi bai yi ba. Da aka ƙidaya a Dareta da 'Yargalma aka sami cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu cikin shekara guda, watau ɗaya cikin kowane huɗu. Jimillar waɗanda suka rasu a yankin ta haura 400, waɗanda suka rayu kuwa da yawa sun tashi da makanta ko shanyewar gaɓa ko raunin fahimta. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyayensu ladan haƙuri.

Likitoci suna da maganin da ke kamo dalma daga jini ya fitar da ita ta fitsari, amma suka ce ba shi da amfani a ba yaro magani a mai da shi gidan da ya sha gubar, sai an gyara ƙasar tukuna. A Amurka a lokacin, in dalma ta kai kashi 400 cikin miliyan a inda yara ke wasa sai a ce wurin ya ɓaci; a wasu wuraren niƙa na Zamfara an auna fiye da 100,000, watau ushurin ƙasar dalma ce zalla. Masanan kamfanin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith, tare da ma'aikatan jiha da izinin sarakuna da masu unguwanni, suka ɗauki samarin ƙauyukan aiki, aka bi gida-gida da na'urar awo, aka kankare saman ƙasa da fartanya, aka ɗura a buhuna aka kai rami mai nisa aka binne, aka kawo ƙasa mai tsabta aka shimfiɗa. Aka gama Dareta da 'Yargalma da Abare da Tungar Guru da Tungar Daji da Sunke da Duza tsakanin 2010 da 2011. Bagega, wadda ta fi su girma da ɓaci, ta zauna jiran kuɗin Gwamnatin Tarayya har 2013, kuma wannan jinkiri abin zargi ne da ba shi da uzuri. Gidaje da wuraren aiki 820 aka gyara a ƙauyuka takwas, aka kwashe ƙasa fiye da kibik mita 27,000. Bayan shekara biyu, a 2015, irin wannan ta sake aukuwa a Shikira ta ƙaramar hukumar Rafi a Jihar Neja, yara 28 suka rasu.

Ɗalibin fiƙihu zai ga wata mas'ala a nan. Mun karanta cewa ƙasa in najasa ta same ta ana tsarkake ta da kwarara ruwa, kuma fuƙaha'u sun yi magana a kan istihala, watau abu ya juya daga zatinsa ya zama wani abu, kamar giya ta koma khalli, ko taki ya koma ƙasa ya fito a zangarniya halal. Dalma ba ta karɓar ko ɗaya daga cikin biyun. Ruwa ba ya gusar da ita sai dai ya kai ta rijiya ko fadama, wuta ba ta cinye ta sai dai ta tashe ta hayaƙi, shekaru kuma ba su ruɓar da ita, domin ita asali ce daga asulan halitta, ba haɗi ba ce da za a warware. Iyakar abin da ɗan Adam zai iya shi ne ya ɗauke ta daga inda take cutarwa ya kai ta inda ba ta cutarwa, ko ya ɗaure ta a inda take. Kwashewa da fartanya da mota kuwa tana da tsada, tana yiwuwa a tsakar gida amma ba ta yiwuwa a gona mai faɗi ko tsibin ɓaraguzan ma'adinai da ke bayan gari, kuma daga nan ne masu ilmi suka waiwayi tsiro suna tambaya ko zai yi wannan ɗauka a madadinmu.

Tunanin yana da tarihi mai tsawo. Tun 1556 wani malamin Jamus mai suna Agricola, a littafinsa na haƙar ma'adinai, ya ambata cewa ciyawar da ke bisa jijiyar ƙarfe takan bambanta da ta kewaye, mahaƙa na bin ta su gane inda za su sara. Mahaƙan tagulla a Katanga da Zambiya su ma suna da furen da ke nuna musu haka. A 1865 aka ƙone ganyen wani tsiro da ke fitowa a ƙasar tutiya kusa da Aachen, a iyakar Jamus da Beljiyam, aka sami tutiya mai yawa a tokarsa, aka gane cewa wasu tsirrai ba jure wa ƙarfe kaɗai suke yi ba, har tara shi suke yi a jikinsu. A 1948 masana biyu a Italiya suka sami wani ɗan tsiro mai nikel kusan kashi 1 cikin 100 na busasshen ganyensa, a 1976 kuma aka ba da labarin wata itaciya a tsibirin Sabuwar Kaledoniya wadda ƙaronta shuɗi-kore ne, in ya bushe rubu'insa nikel ne. Tsarki ya tabbata ga Wanda Ya sa abincin wani a cikin ajalin wani. Rufus Chaney, ma'aikacin hukumar gona ta Amurka, shi ne a 1983 ya kawo shawarar a shuka irin waɗannan da gangan a ƙasar da ta ɓaci, a girbe, a ƙone, a adana tokar, a sake shukawa, har ƙasar ta sauƙaƙa. A shekarun 1990 aka gwada furen bin-rana a wani tafki kusa da Canobil, saiwarsa ta tsotsi gubar nukiliya daga ruwa. A 2001 Lena Ma da abokan aikinta a Florida suka gano wani tsiro mai tara gubar asanik da yawan gaske. A Albaniya kuwa an kai ga noman nikel, ana samun kimanin kilo 100 daga tokar hekta guda.

Wanda ya ji wannan zai ce to a kai iri Bagega mana. A nan ne ya wajaba a faɗi gaskiya ko ba ta yi daɗi ba: dalma ta fi sauran taurin kai. Tana manne wa laka da taki, kaɗan ce ke narkewa ta isa saiwa, wadda ta isa kuma mafi yawanta a saiwar take tsayawa ba ta hawa ganye. Mu yi lissafi na misali. Ƙasar saman hekta guda, gwargwadon zurfin da galma ke juyawa, ta kai nauyin tan 2,000. In dalma ta kai kashi 1,000 cikin miliyan, akwai kilo 2,000 ke nan a ciki, kuma sai an cire 1,200 kafin a sauko ga 400. In muka kyautata wa tsiro zato muka ce zai ba da tan 10 na busasshiyar harawa a shekara, kowane tan da kilo guda na dalma, to kilo 10 yake cirewa, aikin shekara 120 ke nan, a ƙasar da ɓacinta bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na wasu wuraren niƙan Zamfara ba. An gwada zuba wani sinadari mai narkar da dalma don saiwa ta sha da yawa, sai aka ga abin da tsiro bai sha ba yana tsiyaya zuwa ruwan ƙasa, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Yaron da ke rarrafe yau ba zai jira ƙarni ba, saboda haka waɗanda suka zaɓi fartanya da buhu a 2010 sun yi daidai.

Amma tsiro yana da wani aiki na biyu wanda ya fi dacewa da mu, shi ne ɗaurewa. A Birtaniya, Anthony Bradshaw ya lura tun 1952 cewa wata ciyawa ta saba da ɓaraguzan tsoffin ramukan dalma na Wales, daga baya aka yi irinta aka riƙa lulluɓe irin waɗannan tsibi da ita, dalmar tana nan amma iska ba ta ɗauka, ruwa ba ya kwasa. Dalmar Zamfara ta hanyar ƙura ta shiga yara, kuma wanda ya san hunturun ƙasar nan da guguwar bazara ya san abin da tsibin gari busasshe zai yi in an bar shi tsirara. Muna kuwa da abin rufa shi. Jema, wadda ake saƙa zana da malafa da ita, ake kuma dasa ta a kan iyakar gona a fadama, 'yar'uwar ciyawar nan ce da ake dasawa a ƙasashen Asiya da Ostareliya a bisa ɓaraguzan ma'adinai saboda saiwarta mai nutsawa ƙasa fiye da tsayin mutum. Rama da zurma da bini-da-zugu duk an yi bincike a kansu, an ga suna jure wa ƙasa mai ƙarfe. Kainuwa da kacala suna rage ƙarfe daga gurɓataccen ruwa. In aka haɗa da taki da toka ko farar ƙasa, dalma na ƙara ɗauruwa.

Sai dai akwai sharaɗi, kuma a ganina shi ne mafi wuya a ƙasar Hausa. Mu mutane ne da ba mu san ganyen banza ba: rama a yi kwaɗo, zogale a yi dambu, harawa a ɗora bisa rumfa don rani, kara a yi girki, tokarsa a tace a sa a miya, abin da ya rage akuya ta bi. Tsiron da aka sa shan guba kuwa ya zama guba, haramun ne a ci ko a ba dabba ko a hura wuta da shi a madafa, alayyafo da latas ma da ke saurin ɗaukar ƙarfe bai kamata su kusanci wurin ba. Saboda haka bini-da-zugu da zurma, waɗanda dabba ba ta cika kula su ba, sun fi rama aminci, kuma duk wanda zai kawo wannan dabara ba tare da shinge da mai tsaro da hukunci ba, ya buɗe wa dalma hanyar tukunya ne.

Hukuncin kuwa ba sai an aro shi ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Ta'alimur Radi a kan matacciyar ƙasa da hanyoyin da ake mallakarta, ya yi bayanin raya ta, da hurumin gari da na rijiya, da ikon shugaba na keɓe wuri don maslahar jama'a. Filin da dalma ta ɓata matacciyar ƙasa ce ta wannan zamani, kuma hakimi ko dagaci da ya san ya hana noma a burtali da maƙabarta zai iya shata irin wannan fili ya ce hurumi ne, a dasa abin rufi, ba kiwo ba yankan ciyawa. Haƙurin rainon itace ma ba baƙo ba ne ga Gobirawa, domin a ƙetaren iyaka, a ƙasar Maraɗi, tun shekarun 1980 manoma suka koma barin tohon kututture a gona suna sassabe shi da dabara, har gawo da kalgo suka dawo a miliyoyin hekta tsakanin Maraɗi da Damagaram.

Isa da Sabon Birni ba su da ramin zinariya irin na Anka, ruwan Anka kuma ba ta Rima yake bi ba, amma talauci da rashin tsaron da suka raba mutane da gonakinsu suna kai samari wuraren haƙa, a dawo da tufafi da buhuna masu ƙura, ga kuma tsofaffin baturan mota da na sola da ake fasawa a bayan kasuwa a zubar da ruwansu. Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019, ta ɗage hanin a ƙarshen 2024, aikin kuwa zai ƙaru ne. Ina kira ga sarakuna da limamai da shugabannin ƙananan hukumomin biyu da su hana shigo da dutsen ma'adinai cikin gari, su hana niƙa shi a injin hatsi, su ware wa masu batir wuri nesa da rijiya da lambu, su kuma nemi jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta zo ta auna ƙasar waɗannan wurare tun yara suna lafiya.